Wannan Taken Wa Ne?

Mu nan Yalwawa, da an idar da sallar isha'i, kowane lungu da irin majalisarsa. Akwai ta 'yan siyasa, akwai ta masu kwana a kan Arsenal da Barcelona, akwai ta dattawan da ba su da zance sai kuɗin taki. Tamu, wadda take gindin darbejiya kusa da mai shayi, ita ce 'yan unguwa suka raɗa wa majalisar masu jin kiɗan aljanu. Ba mu ji haushi ba, don mun ji wanda ya fi wannan a bakin matanmu.

Wanda ya jawo mana sunan wani dattijo ne, malamin makaranta mai ritaya da ya yi karatu a Zariya farkon shekarun 1980. Kaset-kaset ne da shi cike da kwalin taliya. Da rediyonsa ta daina jan zare sai taunawa, sai ya rubuta sunayensu a takarda ya miƙa wa yaron nan mai tura waƙoƙi a waya. Yaro ya nemo su a intanet ya zuba a memori. Memorin nan yanzu tana cikin wata 'yar sifika mai caji wadda aka ɗaure bayanta da robar tayar keke, kullum tana kan benci tsakanin kofunan shayi, kuma ba mai taɓa ta sai da izini.

Kiɗan jaz ne, amma ba tsantsa ba. Yadda Malam ya ba mu labari, a ƙarshen shekarun 1960 wani mai busa ƙaho a Amurka, Miles Davis, ya jona wa jaz kayan lantarki, jita mai wuta da fiyano mai wuta, ya ƙara da duka irin na 'yan rok. Ya fitar da In a Silent Way a 1969, a 1970 kuma ya biyo da wani faifan da Malam ya ƙi fassara mana sunansa, wai akwai yara a wurin. Yaran da suka yi masa kiɗa a lokacin su ne daga baya kowa ya kafa tasa ƙungiyar. Turawa suna da sunan da suke kiran abin. Mu dai dafa-duka muke cewa.

Rigima ta soma ne ranar da yaron ya yi mana gwaninta, ya rarraba memorin jaka-jaka yadda ya gani an yi a intanet: wannan jaz da rok, wannan jaz da fank, wancan na Latin. Baba tela ya saurari jaka uku a jere, ya ajiye kofinsa ya ce, "Yaro, ni fa duk abu ɗaya na ji. Ka faɗa mini kawai, wannan taken wa ne?"

Aka yi dariya, amma tambayar ta zauna. Bahaushe in ya ji kiɗa, abin da yake fara nema shi ne wa ake yi wa. Kotso da taushi na fada ne, can Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi zamaninsu. Kalangu na mahauta ne tun kafin Shata ya fito da shi ya zama na kowa. Ɗan Anace na 'yan dambe ne, gangar noma ta manoma, ƙwaryar Barmani Choge ta mata ce a cikin gida. Ko gurmin Haruna Uji na Haɗeja, da ka ji shi ka san da direbobi da samari yake. To ga kiɗa minti ashirin, ba waƙa, ba kirari, ba sunan kowa. Dole mu nema masa mai shi.

Haka muka rushe jakunkunan yaron muka sake lale.

Na farkon da ya samu gida shi ne Herbie Hancock. A faifansa Head Hunters na 1973 akwai wani kiɗa da ake buɗe shi da busar kwalba, fit-fit-fit, kamar yara suna wasa a bayan gida, kafin jitar bes ta shigo da nauyinta. Malam ya ce sunan kiɗan Mai Kankana, kuma Hancock ya tsara shi ne tun 1962 yana tuna wani mai tallar kankana a unguwarsu ta Chicago. Nan take mai shayi ya tafa hannu. "Ashe kiɗan sana'a ne! Ku sa shi wajen mahauta." Tun daga ranar, duk kiɗan da ya sa ƙafa motsi ba ta shirya ba, jakar sana'a yake tafiya. Mai kankanan bakin titi ma ya samu labari, yanzu in zai wuce da baronsa sai ya tsaya ya ce a sa masa takensa, kuma ba ya tafiya bai yanka mana ɗaya ba.

Ƙungiyar Mahavishnu Orchestra ba ta ba mu wahala ba. John McLaughlin yana yagar jita, Billy Cobham yana dukan ganguna kamar sun yi masa laifi, kowa na neman kayar da ɗan'uwansa. Wannan dambe ne, ba sai an tambaya ba. Da McLaughlin ɗin ya ajiye lantarki ya haɗu da Zakir Hussain mai tabla suka yi Shakti, jakar Indiya muka buɗe musu, don kunnen da ya tashi da finafinan Indiya ba ya ɓatan wannan ganga ko cikin barci. Hancock ya sake dawowa da Village Life na 1985, shi da Foday Musa Suso, mai kora ɗan Gambiya, sai Baba tela ya ce wannan na roƙo ne, irin na gidan suna da hantsi.

Inda aka kwana biyu ana musu shi ne kan Miles kansa. Busarsa a hankali take, ya busa ya yi shiru, ya bar mutane suna jira. Ni na ce wannan fada ce, don sarki ne kaɗai yake magana haka. Sai aka gano kiɗan farko a faifan nan na 1970 sunansa Rawar Fir'auna. Ladanin masallacinmu, wanda yake zama da mu bisa sharaɗin shayi ya kawo shi ba kiɗa ba, ya ce a'uzu billahi, in fada ce to ba irin fadar sarkinmu ta Garu ba. Sai muka yi masa jaka shi kaɗai, ba mu sa mata suna ba.

Amma wanda ya gagare mu har yau Yusef Lateef ne, kuma abin haushin shi ne ya fi kowa kusa da mu. Baƙar fata ne Musulmi daga Amurka, mai busa sarewa da ƙahon jaz da wata aba mai kukan algaita. Daga 1981 zuwa 1985 yana Jami'ar Ahmadu Bello, a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya, yana bincike kan sarewar Fulani. Malam yakan rantse ya sha ganinsa a Samaru, mu kuma mukan ce mun yarda. A zamansa na ƙasar nan ya yi faifan da ya kira In Nigeria, shi da makaɗan gida. In ka saurara za ka ji busa irin ta makiyayi da yamma, ka ce ai ta Fulani ce, kafin ka rufe baki ganguna sun canja hanya, ƙahon Amurka ya shigo. Mai shayi ya ce daji ne. Baba tela ya ce fada, saboda algaitar. Yaron ya ce intanet ta ce jaz ne.

"Kai, rufa wa kanka asiri," in ji Malam. "Mutumin nan da ransa ba ya son a kira abin da yake yi jaz."

Gaskiya ne kuwa, ya ƙi kalmar har ya rasu a 2013, ya ƙirƙiro wani dogon suna nasa wanda Malam kansa sai ya ja numfashi kafin ya faɗa. Su ma Amurkawan da suka tashi ba shi kyautar Grammy kan faifansa na 1987, ba a rukunin jaz suka ba shi ba. Wannan ya ɗan sanyaya mana rai.

Yanzu dai Lateef yawo yake. Makon jiya yana jakar fada. Shekaranjiya wani ya faki ido ya mayar da shi kusa da Haruna Uji, wai ai baƙon Arewa ne, a sauke shi gidan ɗan Jigawa. Jiya da daddare muna cikin jinsa sai wani Bafulatani mai kawo mana nono ya tsaya da kekensa, ya kasa kunne har kiɗan ya ƙare. Baba tela ya matsa masa wuri a benci ya ce, "Yauwa, Ja'e, kai za ka raba mu. Wannan taken wa ne?"

Ya ce a sake sa masa tukuna. Yaron ya danna, cajin sifika ya ƙare, ga shi ba wuta.