Mazhabobin Wanke-Wanke

Kowa ya yarda tsafta cikon addini ce. Wurin aiwatarwa ne ake rabuwa mazhaba-mazhaba, kuma kowace mazhaba tana da abu guda da ta riƙe, wanda a ganinta shi kaɗai ne maganin kowace irin dauɗa, tun daga maiƙon miya har tsatsar ƙyaure.

Mafi daɗewa ita ce mazhabar toka, kuma shugabarta tsohuwa ce. Idan ta ga an sayo ruwan wanke-wanke a roba sai ta taɓe baki ta ce, "Kuɗi ne suka yi muku yawa." Ta ɗebo toka a murhu, ta haɗa da ɗan yashi, ta dunƙule soson buhu, ta ja kujera 'yar tsugune zuwa bakin rariya. Kafin rana ta yi zafi gindin tukunya ya koma madubi. Abin da ke ba jikokinta 'yan boko haushi shi ne tana da gaskiya. Toka tana ɗauke da sinadari ɗan'uwan wanda ke cikin kanwa, idan ya gamu da maiƙo sai ya narkar da shi. Sabulun salo ma, da ake kawowa daga Gana da ƙasar Yarabawa, da tokar kwanson koko da ɓawon agade ake dafa shi. Tsiyar tana tashi ne ranar da ta je ganin ɗakin jikarta amarya, ta tarar da kaskon suya na zamani, irin wanda masana'anta ta shafe cikinsa da baƙin abu don kada abinci ya kama. Ba za ta ce komai ba. Sai da asuba a ji ƙarar kankara a tsakar gida. Da hantsi ta miƙa wa amarya kasko fari fat, ta ce, "Ungo, 'yar nan, na fitar miki da baƙin. Uwarki ma haka na yi fama da ita." Amarya ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Sannu da aiki, Kaka," ta shige ɗaka ta yi kukanta.

Amaryar nan kuwa ba a banza take ba, ita ma tana da tata mazhabar. Duk maganarta da "na gani a TikTok" take farawa. Kayan aikinta biyu ne, khal da sodar da ake sa wa kek. Ta barbaɗa soda a wurin wanke-wanke, ta tsiyaya khal a kai, abu ya taso fuuu, ta kira yaran gida su zo su sha kallo, waya a ɗaya hannun tana ɗauka. To, kowanne a cikinsu ma'aikaci ne idan aka bar shi shi kaɗai. Soda dangin toka ce, aikinta maiƙo da wari. Khal da lemon tsami da ruwan tsamiya su kuma masu tsami ne, aikinsu tsatsa da farin ɓawon nan da ruwan burtsatse ke bari a cikin butar shayi da bakin famfo. Amma da an haɗa su sai su kashe juna. Abin da ya rage ruwa ne da ɗan gishiri-gishiri, sai iskar da ke fita, wadda ita ce dai ta cikin lemon kwalba. Kumfar da take yi wa tafi jana'izarsu ce. Ka gwada faɗa mata, za ta dube ka da tausayi ta ce, "Yaya, ashe ba ka ga kumfa ba?"

Ita ce ta juye Coca-Colar maigida a masai, ya dawo daga kasuwa da ƙishi ya buɗe firij ya tarar wayam. Akwai ɗan tsami a cikin lemon, ba a musu, sai dai khal ta fi shi ƙarfi kuma ba ta gayyato tururuwa. Ita ce ta goge zoben azurfa da makilin ya yi ƙyalli, wannan kam ta ci. Nasarar ce ta ɗebe ta, ta matse lemon tsami a kan daɓen marmara na falo. Tsami yana cin marmara. Yanzu wurin ya dusashe, kuma teburin tsakiya ya ƙaura can gefe, inda babu baƙon da ya san dalili.

Waɗannan biyu asarar kaya kawai suke jawowa. Wadda nake tsoro ita ce mai haɗe-haɗe. Hujjarta mai sauƙi ce: idan abu ɗaya yana aiki, biyar sun fi shi. Ta jawo bokiti ta zuba Hypo, ta bi shi da omo, da Izal, da Dettol har ruwan ya yi fari, da ruwan wankin masai, da khal ɗin da maƙwabciya ta yaba, ta rufe da ɗan kalanzir saboda kyankyaso. Sannan ta shiga banɗaki ta ja ƙofa, wai kada ƙarfin ya tsere. Can sai ga ta ta fito ido jajur, hawaye shaɓe-shaɓe, tana tari tana murmushi: "Kun ji ƙarfi ko? Yau ƙwayar cuta ko ɗaya ba ta tsira ba." Ita ma da ƙyar ta tsira. Bilic, wato Hypo ɗin da ta fara zubawa, idan ya gamu da abu mai tsami, ko khal ko yawancin ruwan wankin masai, iskar kulorin yake saki, ita ce kuwa iskar da sojojin Jamus suka turo wa abokan gabansu a Ypres ta ƙasar Beljiyam a 1915. Wato baiwar Allah ta maimaita Yaƙin Duniya na Ɗaya a banɗakin da bai fi tabarma biyu ba, ita ce mai harbi, ita ce wadda aka harba. Bilic ba ya son abokin tarayya. Ruwan sanyi da buɗaɗɗiyar taga, iyakar buƙatarsa ke nan.

Akwai kuma wadda ta gano cewa hanci ya fi ido saurin yanke hukunci. Tsintsiyarta tana nan sabuwa tun ta kayan ɗaki, amma kaskon turarenta bai taɓa hucewa ba. Da an ce baƙi na tafe sai ta tura komai ƙarƙashin gado da ƙafa, ta saki zanen gado har ƙasa, ta hura gawayi, ta zuba turaren wuta ɗan Maiduguri, ta yayyafa humra a labule. Baƙi su shigo su ce, "Masha Allah, ɗaki sai ƙamshi," ba su san kwanon tuwon shekaranjiya yana sauraron hirarsu daga ƙasan gado ba. Abin dariyar shi ne maganin warin yana hannunta. Gawayin da take ƙonawa, in da za ta sa 'yan gutsattsarinsa a kwano cikin firij ko kabad ba tare da wuta ba, shanye wari yake yi. Ita ce kuma mai cusa kafur a akwatin kayan jariri, abin da likitoci ke hanawa, domin yana iya farfasa jinin wasu jariran ya jawo musu shawara.

Mai tattali ba ta da dogon labari. Robar ruwan wanke-wankenta ta ƙare tun kafin azumi, amma kullum ana ƙara mata ruwa ana girgizawa. Gutsuren sabulu bakwai, kowanne da launinsa, an manne su sun zama ɗaya. Kumfa ba ta fita, amma niyya tana nan.

Kada maza su yi dariya da yawa. Maigida sufeto ne. Bai san inda ake ajiye tsintsiya ba, amma ya san inda ƙura take. A tsakiyar hunturu, lokacin da ake goge tebur a juya baya a tarar ya sake yin fari, sai ya shigo ya ja yatsa a kan talabijin, ya ɗaga shi sama ba tare da ya ce uffan ba. Idan ya buɗe baki kuwa, da "a gidanmu Hajiya" yake farawa. Shi ne ya san cewa tsohuwar jarida tana goge gilashi ba ta bar zane ba, da cewa yayyafa ruwa kafin shara yana kwantar da ƙura, kuma duk gaskiya ne, sai dai bai taɓa gwada ko ɗaya da hannunsa ba. Abu guda yake wankewa a duniya, motarsa. Ranar Asabar ya kwashe omon da aka auna na wankin mako, ya ɗauki sabon tawul ɗin uwargida, ya yi awa biyu yana lallashin taya.

Ƙaninsa gwauro shi ya fi kowa ilimi, don ya riƙe dabara ta gaskiya: jiƙo. Tukunyar da ta kama, a zuba mata ruwan zafi da ɗan omo a bar ta rabin awa, ƙanzon da kansa zai saki. Shi dai ya faɗaɗa fatawar ne. Ya jiƙa tukunyar taliya ranar Talata. Ranar Juma'a yayarsa ta kawo masa ziyara, ta ɗaga murfi, ta yi baya tana salati, don abin da ke ciki ya fara tsiro da gashi. Ta ce, "Kai, wannan fa?" Ko kallonta bai yi ba, yana danna waya ya ce, "Yaya, don Allah mai da murfin, kada ki ɓata mini aiki. Bai gama jiƙa ba."