Layar Illela

Wani Alhaji mai fataucin albasa a Runjin Sambo ya kira ni saboda wayar intanet ɗin da ke tsakanin ofishinsa da reshensa na Illela ta koma ta masu i'ina. Layin tsohon yayi ne, kilobit 64 kacal.

Na zauna na yi masa bayani. Murya ƙunshi-ƙunshi take tafiya, kowane ƙunshi bayit 20, amma adireshin da ke manne a kansa bayit 40 ne: 20 na IP, 8 na UDP, 12 na RTP. Wato mangala ta fi kayan nauyi. Tun 1990 Van Jacobson ya gano cewa yawancin adireshin nan maimaici ne, a 1999 kuma aka fito da hanyar matse na murya ya koma bayit 2 ko 4. Sharaɗin ɗaya ne: rawutocin biyu, ta ofis da ta reshe, su san da maganar.

Alhaji ya ce, "Yaro, ni dai in ji muryar mutane."

Na buga wa yaronsa na Illela waya, na karanto masa umarnin Cisco harafi-harafi, na ce ya saka a kan rawuta. Ya ce an gama. Na kunna nawa ɓangaren ina hura hanci.

Daidai lokacin Alhaji yana ciniki da wani dillali daga Ƙonni. Da can kalma ɗaya cikin uku ke ɓacewa. Yanzu ko tari ba a ji. Alhaji ya yi ta "Alo! Alo!" har hularsa ta karkace. Ya juyo ya ce, "Injiniya, i'inar ma ka sayar da ita?"

Ban tsaya cin abinci ba na hau motar Illela cikin ranar Afrilu, an cusa ni tsakanin buhun gero da wani rago mai ra'ayin kansa. Na isa na ce a nuna mini aikin. Yaron ya kai ni gaban rawutar cikin alfahari. Ga umarnin nan an rubuta da biro, ba kuskure ko ɗaya, an naɗe takardar, an manne ta da salatif a saman na'urar.

Ya ce, "Yallaɓai, ai kai ka ce a saka a kanta."

Na jona kwamfuta na buga umarnin nan, murya ta dawo garau. Albasar kuwa tuni wani ya saye.

Saboda haka ɗan'uwa, in za ka matse kan ƙunshi, fara da rawutar nesa, kuma ka je da ƙafarka.