Dattawa Talatin da Rumbun Marasa Lafiya

A wani gari da ke bakin fadama, irin garuruwan nan namu na ƙasar Wurno, su Dinawa da Achida, inda ake fitar da albasa da tafarnuwa buhu-buhu, an taɓa yin damina wadda ruwa ya wuce gona da iri. Gulbi ya cika ya batse, ya kwashe shinkafa a gona, ya bar zazzaɓi da gudawa a gidaje. Wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwan madatsar Goronyo ya malale ƙauyukan bakin Rima, ba sai an kwatanta masa ba.

Da ruwa ya janye aka gama zaman makoki, mutanen garin suka yanke shawarar gina rumbun tsimi na marasa lafiya. Duk magidancin da ya ɗaure dami ɗari, ya kawo ɗaya. In mace ta shiga naƙuda ko yaro ya kwanta, a ɗebi hatsi a sayar, a biya ungozoma da mai magani. Aka damƙa mabuɗi ga ma'ajin hakimi. Da yake an san halin ɗan Adam, kowace unguwa ta zaɓi dattijo guda, suka cika talatin, aikinsu su ce ga yadda za a ɗiba, kuma su riƙa leƙa rumbu suna ganin abin da ya saura. Aka naɗa malamin lissafi, ya rubuta shige da fice, ya miƙa wa dattawa takarda duk shekara.

Kada mai karatu ya yi mini fassara. Na san majalisar dokokin Jihar Sakkwato ma kujeru 30 gare ta. Na san Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, kuma sashe na 125 na tsarin mulkin 1999 ya ce babban mai binciken kuɗi na jiha ya miƙa rahotonsa ga majalisa. Dacewa ce kawai. Ni labarin rumbu nake bayarwa.

Dattawan nan ba malalata ba ne, a yi musu adalci. Shekarar farko suka yi dokar jinka, cewa sai da gamba za a rufe rumbu. Suka yi dokar yaɓe. Suka yi dokar da ta hana ɓera shiga, aka yi shela a kasuwa, sanƙira ya kusa rasa murya. Duk dokar da aka gama sai a yanka rago, makaɗa su zo, ma'aji ya tashi ya yaba da haɗin kan da ke tsakaninsa da dattawa, ya ce tun da aka kafa garin ba a taɓa jin kansu ba.

A shekara ta biyu ma'aji ya lura dattawa na shan wahalar zuwa duba rumbu a ƙasa. Ya saya wa kowannensu doki da sirdi da linzami. Daga ina kuɗin dawakin ya fito, ba wanda ya tambaya, don in baki ya ci, ido kan ji kunya. Daga ranar, ziyarar gani da ido ta zama abin kallo. Za su taho a jere, ƙura na tashi, su kewaye rumbu sau uku, su shafa sabon yaɓe, su ɗaga kai su dubi jinka su ce madalla. Tsani na jingine a gefe, amma wa zai sauka daga doki da babbar riga ya hau tsani? Malamin lissafi kuwa bai fasa kawo takardarsa ba. Akan karɓa da hannu biyu, a sa masa albarka, a tura ta ƙarƙashin tabarma. Tabarmar shugaban dattawa har tudu ta yi.

Wata rana cikin sanyin hunturu, matar wani manomi ta fara naƙuda, jijjiga ta kama ta. Ya ruga ɗakin shan magani da aka gina kusa da rumbu. Gini sabo, an shafe shi da farar ƙasa, ga allo a ƙofa da sunayen dattawa talatin. Ciki akwai gado guda ba katifa, da kwalaye a jere kan kanta, ya ɗaga ɗaya ya ji ba nauyi. Ungozoma ta koma garinsu tun kaka, wai hatsin da ake ba ta ya daina fitowa. Ya je gidan ma'aji, aka ce ya yi tafiya. Ya sayar da buhunan albasar da yake ajiya sai ta yi tsada, a kan kuɗin da mai saye ya ga dama, ya ɗora matar a amalanke ya nufi birni. Matar ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne garin ba baƙo ba ne ga shugabanci mai kula da jikin talaka. Ko a nan Wurno, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ke kwance a cikinta tun 1837 ya zauna da kansa ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da na basur da na ciwon ido. Da Bature Clapperton ya zo masa a 1824, cikin abubuwan da ya nema a aiko masa daga Ingila har da likita. Sardauna ma daga Raba ya fito, nan kusa. Amma na ce ba zan fita daga labari ba.

Bayan an share makoki, manomin ya je zauren dattawa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

"Ranku shi daɗe, tambaya ce ta kawo ni. Dami nawa ke cikin rumbun ga?"

Zaure ya yi tsit. Shugaban dattawa ya gyara rawani ya ce, "Yaro, ba ka ji dokar da munka yi ba? Ko ɓera ba shi da ikon shiga."

"Na ji, Baba. Ba ɓera nika tambaya ba. Wa ya hau tsani ya leƙa?"

Wani daga gefe ya ce yaron nan turo shi aka yi. Wani ya ce baƙin ciki ne ke damunsa, a yi masa uzuri. Dattijo guda ne kawai, wanda dokinsa ya mutu bara kuma ba a sake masa wani ba, ya ce ai maganar yaron na kan hanya, a ɗaga tabarma a karanta takardun malam. Aka ce ya bari sai an zo kan wannan batu, yau ba ya cikin abin da aka taru a kai.

Suka yi shawara har la'asar sakaliya. Daga ƙarshe aka fito da sabuwar doka, mai kyau ƙwarai: daga yau wajibi ne a buɗe rumbu a ƙirga dami sau ɗaya a shekara, a gaban jama'a. Aka kafa kwamitin mutum bakwai da zai tsayar da ranar, aka ba surukin ma'aji shugabanci.

Manomin ya tambaya yaushe kwamitin zai zauna. Aka ce masa sai ma'aji ya dawo, don shi zai ba da hatsin dawakin da za su hau zuwa wurin zaman.