Sirrinmu a Takardar Ƙosai

Mu mutanen Mubi, wallahi akwai mu da zurfin ciki. Ka tare dattijo a kasuwar shanu ka tambaye shi garkensa nawa, sai ya ce "'yan kaɗan ne, alhamdu lillahi," ko da shanunsa sun cika daji. Uwargida na da ciki wata bakwai, muna cewa zazzaɓi ne. Za mu je Yola, maƙwabci ba zai ji ba sai mun dawo, don gudun baki. Sunan ɗan fari kuwa ba ya fita a bakinmu. Ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

To amma mu ɗin nan ne dai, in mun je wurin mai POS, sai mu miƙa kati mu ce, "Yaro, danna mini," mu karanto lambar sirri da ƙarfi, layi na saurare, lambar ma shekarar haihuwarmu ce. Mu ne a Keke Napep daga Lokuwa zuwa Sabon Layi, waya a sifika, muna rabon gado da 'yan'uwa, har direba ya sa baki ya ce gaskiya kawu bai kyauta ba. Mu ne ke bar wa mai gyaran waya wayarmu a buɗe, mu tafi masallaci hankali kwance.

A ce kuma wani ya shigo unguwa da biro da takarda ya ambaci tallafi, shi ke nan! Suna, lambar NIN, BVN, lambar asusu, har na matanmu da na tsohuwar da ke kwance a ɗaki, duk sai mun zayyana, ba mai tambayar wace hukuma ta aiko shi. Kwafin katin shaidar da mai shagon fotokwafi ya ce bai fito da kyau ba, mu bar masa a kan tebur, bayan kwana biyu ka sayi ƙosai ka warware takarda, ga fuskar maƙwabcinka ta jiƙe da mai, ga ranar haihuwarsa ta gaskiya, wadda ba ita ya ba ofis ba.

Alhali doka ba ta bar mu a banza ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Duk mai karɓar bayananka sai ya gaya maka abin da zai yi da su, kana da ikon sa a gyara ko a goge, ko ka janye amincewarka. Kuma ba da wasa ake ba: a 2024 hukumar ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Manhajar ba da rance ta nemi shiga lambobin wayarmu, mun danna "na amince" ba mu karanta ba, ranar da biya ya gagara saƙo ya isa wayar surukai, sannan muke salati. Mu kanmu ba mu ƙyale na wasu ba: lambar 'yar mutane mu bayar ba izini, muryar da aka turo mana cikin amana mu cilla ta zauren WhatsApp, hoton maras lafiya a gadon asibiti mu yaɗa da sunan neman addu'a.

Mutumin da zai tsaya yana ja-in-ja da mai tumatir a kan naira hamsin, ai bai kamata tambaya ɗaya ta gagare shi ba: "Malam, me za ka yi da lambata?" Za mu yi ta kuwa, in sha Allahu, da zarar mun gama tambayar nawa za a turo.