Yadda Ake Koyar Da Ɗinkin Bargo A Tsakiyar Teku

Mako biyu ke nan da saukowata, amma har yau in na zauna gaban keken ɗinki sai in ji ɗakin yana lilo. Don haka, 'yar'uwa, kafin ki amsa gayyatar koyar da ɗinkin bargon faci-faci a jirgin ruwan 'yan yawon shaƙatawa, gyara zama ki ji. Batun fasfo da maganin jiri na bar miki, kin san wannan.

Jirginmu ya tashi daga Galbestan ta jihar Tekzas, tafiyar kwana 7: Kozumel ta Mekziko, tsibirin Kayman, Jamaika, da kwana 3 da ba a ganin komai sai ruwa. Waɗannan ukun su ne ranakun ajinki, kuma su ne ranakun da jirgi ke sheƙa gudu.

Na ɗaya: yanke ƙyallayenki tun a gida, ki ƙulle wa kowace ɗaliba nata a leda. Jirage da yawa suna karɓe almakashin da bakinsa ya wuce inci 4 tun a ƙofar shiga. Wuƙar nan mai zagaye kamar taya kuwa, kada ki miƙa wa mata 30 ita a kan teburin da ke rausaya.

Na biyu: ki ji tausayin rubu'in inci. Bargon nan hawa uku ne, fuska ta ƙyallaye, auduga a tsakiya, yadi a baya, kuma kyan fuskar ya rataya ne a kan barin rubu'in inci daidai a bakin kowane ɗinki. In aka kauce da kaurin zare ɗaya, aka maimaita sau 40, kusurwa ba za ta ƙara gaisawa da 'yar'uwarta ba. To, ga mace ta riƙe numfashi ta saita allura, sai igiyar ruwa ta ɗaga ɗakin ta ajiye. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ki manta da zane mai kusurwa uku, domin yankan karkace miƙewa yake yi ko a tudu. Ki zaɓi tsohon zanen Amurkawa da suke kira bukkar katako: jan ƙyalle a tsakiya a matsayin murhun gida, sai dogayen tsiri suna kewaye shi. Shi yana da yafiya.

Na uku: dutsen guga. Wayyo, dutsen guga! An hana shiga ɗakunan kwana da shi, kuma ban ga laifin dokar ba, don babu abin da ma'aikatan jirgi ke tsoro kamar gobara. Sai a ɗakin aji kaɗai ake yarda a kunna. Nawa masu shirya tafiyar suka kawo mana? Biyu. Mata 30, dutse biyu! Duk wadda ta taɓa wannan sana'a ta san rabinta guga ce, ba a ɗora tsiri sai an danne na baya ya kwanta. Kowane murabba'i tsiri 12 gare shi. Ki buga lissafin: sau 360 za a je gaban dutse kafin kowa ta gama murabba'i ɗaya tak, alhali bargon yana buƙatar 16. Layi ya miƙe har bakin ƙofa kamar ana rabon tallafi. Kekuna sun yi tsit, mata sun biya kuɗi mai yawa don su tsaya riƙe da ƙyallen da bai fi tafin hannu ba. Ana cikin haka wata baiwar Allah, wadda ba ma 'yar ajin ba ce, ta leƙo da rigar liyafarta a kafaɗa, wai minti biyu kawai. Ta goge gaba, ta goge baya, ta bi hannuwa, ta aiko a kawo rigar maigidanta. Rana ta biyu dutse ɗaya ya mutu. Da na kai kuka, sai aka ce in yi murmushi, ai hutu muka zo. Hutu? Matan nan sun yi tanadin shekara guda don wannan aji, wallahi bai dace a yi musu haka ba.

Na huɗu: kwano mai maganaɗisu don fil. Mutane suna fitowa daga wurin iyo ba takalmi.

Na biyar: rigar sanyi. A waje rana tana gasa mutane, ɗakin aji kuwa can ciki yake, ba taga, na'urar sanyi tana hura shi har yatsu su ƙage. Fitilunsa rawaya ne, shuɗi mai duhu da baƙi duk ɗaya. Ki zo da 'yar fitila mai batir.

Sai lasifika. Bar ma ƙirgen nan haka. Kina tsakiyar bayanin yadda ake haɗa murabba'ai, sai murya ta ɓarke daga rufi ana sanar da gasar faɗawa ruwa da ciki, da gwanjon agogo a hawa na biyar. Ki yi shiru, ki sake farawa, sai wani ya turo ƙofa ya ce an hango kifayen nan masu tsalle. Kafin ki ƙifta ido, kujeru 20 sun zama wayam. Ba ni da shawara a kan wannan.

Akwai wata dattijuwa da ba ta taɓa tashi ba. Rigunan marigayi mijinta ta yanka ta zo da su, tun daga gida ta wanke ta ninke. "Ranki ya daɗe, zauna, ni zan riƙe miki layi," na ce mata, na bar aji na tsaya mata. Na koya mata danne ɗinki da farce da ɗan katako, ta iya, amma tsohon yadi yana son zafi kafin ya kwanta. Murabba'i 9 ta gama cikin 16, ta ninke sauran tsirin ta mayar cikin leda ba ta ce uffan ba.

An sake gayyata ta baɗi. Na rubuta musu cewa zan zo, da sharaɗi ɗaya a rubuce, da sa hannu: dutsen guga 6, da mai gadin ƙofa.