Bush da Kerry a Rumfar Mai Shayi

Ƙarfe tara na daren Alhamis, 30 ga Satumba 2004, George Bush da John Kerry suka tsaya gaban jama'a a Jami'ar Miami don muhawararsu ta farko. A agogon Sudan na wancan zamani, wanda gwamnati ta tura gaba da awa ɗaya tun 2000, ƙarfe huɗu ne na asubahin Juma'a. Daga Dindir zuwa Suki har Mai Wurno, wanda ke farke a wannan lokaci ko ladan ne ko mai ciwon haƙori, janareton kulob ɗin kallo kuwa ya daɗe da yin shiru. Amma kafin a sauko masallaci, da wuya ka sami magidancin da bai kalle ta ba. An ba 'yan takarar minti biyu-biyu na amsa, da fitila mai launi tana yi musu gargaɗi, suka gama cikin minti 90 kowa ya kama gabansa. Mu a rumfar mai shayi minti biyu ko gaisuwa ba ya isa, sai muka ja muhawarar ta ratsa yankan riɗi ta shiga azumi.

Mai buɗe fage kullum shi ne Na-Landan. Rediyonsa na cikin rigar fata mai maɗauri, an ƙara wa eriyar waya, batur kuma an sha shanya shi a rana don ya farfaɗo. Hujjarsa ɗaya ce, kuma ba a ɗaukaka ƙara a kanta: Landan ta faɗa. Matsalar ita ce su biyu ne, ɗaya yana jin sashen Hausa, ɗaya na Larabci, kuma kowannensu rabin labari yake kamawa, sauran rabin iska ta tafi da shi sai ya cike da nasa. A nan aka fara jin cewa Kerry ya mari tebur. Da rahoton Duelfer ya fito ranar 6 ga Oktoba, ya ce ba a sami tarin makaman guba da aka shiga Iraƙi dominsu ba, Na-Landan na Hausa ya yini yana zaga kasuwa yana amsa barka, sai ka rantse shi ya tona hamadar da hannunsa bai samu ba.

Kusa da shi akwai Ustaz, malamin sakandare, alƙalami biyu a aljihun gaba. Ka tambaye shi wa ya ci muhawara, zai gyara tabarau ya ce tambayar ce ba daidai ba, dole a koma 1916, lokacin da Sykes da Picot suka raba ƙasashen Larabawa a kan taswira. Kafin ya iso 1948 shayinka ya huce. A ganinsa Bush da Kerry ɗanjuma ne da ɗanjummai, domin wannan Kerry da ke kiran yaƙin babban kuskure shi ma ya ɗaga hannu a Majalisar Dattawa a Oktoban 2002 aka ba Bush izinin yin sa. Sauran zance duk fetur ne, in ji shi, mu ma da muka fara fitar da namu a 1999 mu shirya. Abin haushi da Ustaz shi ne yawanci gaskiya yake faɗa, sai dai yana faɗinta ta yadda za ka gwammace a ce ƙarya ce.

Mai goyon bayan yaƙin guda ɗaya ne tak a rumfar, kuma ba ya ɓoyewa. Mugtaribi ke nan, wanda ya yi shekaru yana aiki a Kuwait har Saddam ya shiga ranar 2 ga Agusta 1990, gwamnatin Khartum kuma ta karkata wajen Bagadaza, 'yan Sudan mazauna Khalij suka kwashi kashinsu a hannu. Yana da hujjoji na gaske. Zai ambaci Halabja da gubar da aka watsa wa Kurdawa a 1988, zai ambaci shekara takwas na yaƙi da Iran, ya tambaye ka ko waɗancan gawarwakin ba Musulmi ba ne. Ba wanda ke da amsa mai kyau. Sai dai kowa ya san babbar hujjarsa tana bayan asibiti, ginin jan bulo da ya tsaya a kan linta tun shekarar da ya dawo, awaki na kwana a falon. Abokin karawarsa maƙwabcinsa ne, wanda ya raɗa wa ɗansa suna Saddam a 1991, ya kuma tsaya kai da fata cewa mutumin da aka zaro daga rami kusa da Tikrit a Disamban 2003 wani mai kama da shi ne, na ainihin yana nan yana shiri. In gardama ta yi zafi, sai ya waiga ya ce da yaron, da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Saddam, tashi ka kawo wa kawunka ruwa, ya gaji." Mugtaribi ya karɓa ya sha, don ƙishirwa ba ta san siyasa ba.

Wanda na fi so in saurara shi ne Tsohon Burmi. Yana kan angarib a can ƙuryar rumfa, carbi a hannu, kunne ɗaya ya daina aiki. Ba ya cewa Bush, Lugga yake cewa, samari kuma suna ƙyafta ido suna zaton tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Shi dai a wurinsa wannan labari an riga an ba shi tun yana yaro, daga bakin kakan da ya taka da ƙafa daga Gombe har bakin Bahar Azrak. A Oktoban 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya gudu Kano, aka karɓe shi da girma. Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya riƙe wannan, ya haɗa da wata wasiƙa da ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ne ya aiko masa yana shelar yaƙi, wasiƙar da har yau masana ke gardamar sahihancinta, ya ƙara da batun hana cinikin bayi. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a Yuli, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas, shi ya sa muke shan jabana a nan maimakon koko a can. Da aka kwatanta wa tsohon yadda Colin Powell ya ɗaga 'yar kwalba a Majalisar Ɗinkin Duniya a Fabrairun 2003, sai ya gyaɗa kai ya ce: "To, wannan ce wasiƙar tasu." In ka matsa masa zai ƙara maka da Kitchener da ya zo ramuwar jinin Gordon ya kwantar da dubbai a Karari a 1898, da masana'antar magani ta Shifa da Clinton ya rusa a Bahri a Agustan 1998 bisa zargin guba. Ustaz yakan so ya gyara masa cewa akwai bambanci tsakanin zamani da zamani. Tsohon sai ya juya masa kunnen da ba ya ji. Raunin tsohon guda ne: tarihinsa ba shi da yaƙin da namu suka fara. Tambaye shi hujjar hare-haren da kakanni suka kai wa maƙwabta kafin zuwan Nasara, sai lokacin salla ya yi.

Bayan 'yan kwanaki hoto ya bazu a jaridu, an ga wani tudu a bayan kwat ɗin Bush, tsakanin kafaɗunsa. Amurkawa suka yi ta cewa na'ura ce ake raɗa masa amsa. Fakin unguwa ya dubi hoton sau ɗaya ya yi murmushin wanda ya gane aikin abokin sana'a. Laya ce, kuma daga ɗaurin ya san ba aikin Larabawa ba ne, namu ne. Kerry kuwa malaminsa rago ne, ko kuma bai cika sadaka ba. A gefensa akwai wanda ya rantse ya yi gadi a gonar Bin Laden ta Damazin, kuma kowace shekara matsayinsa ƙaruwa yake: daga mai gadi ya zama direba, a 2004 har ya kai wanda Shehin ba ya cin abinci sai ya zo.

Sai kuma aka zo inda rumfa ke canza murya. A cikin wannan muhawara mai gabatarwa, Jim Lehrer, ya tambayi mutanen biyu game da Darfur. Dukansu suka kira abin kisan kiyashi, kamar yadda Powell ya kira shi makonni uku kafin nan. Bush ya ce ba zai tura sojan Amurka ba, a bar wa Tarayyar Afirka, ya ƙara da cewa damina ta kusa ɗaukewa, kai agaji zai yi sauƙi. Wato sunan ƙasarmu ya fito a bakinsu, abin da ya kamata a kwana ana tattaunawa. Amma da Na-Landan ya kawo wannan gaɓa, sai Mai Tari ya fara aikinsa. Kowace majalisa tana da shi. Tarinsa ba ya tashi a kan Falluja ko Kabul, sai an ambaci Nyala ko Kurmuk, sannan ya ɗan karkata haɓa wajen baƙon nan mai tsabtataccen takalmi da ke zuwa kullum, ba ya gardama, ba a kuma taɓa ganin ya biya kuɗin shayi ba. Ko ɗan amni ne, wato ɗan leƙen asirin gwamnati, ko marowaci ne kawai, ba wanda ya yi gangancin bincikawa. Manomi ne ya ceci majalisa. Ya ce shi duk cikin zancen nan abu ɗaya ya ji na hankali, mutumin ya san damina ta kusa ɗaukewa, in kuwa ta ɗauke riɗi ba ya jiran kowa, kwana kaɗan ka makara kwanson ya fashe ya zube a ƙasa. Nan take aka koma farashin 'yan ƙwadago, kowa ya sami numfashi.

Ni a ganina a nan zafin gardamar ya samo asali. Tun juyin mulkin 30 ga Yuni 1989 ba mu taɓa ganin an tsayar da mai mulkinmu an ba shi minti biyu ya bayyana dalilin yaƙin Kudu ba, alhali motocin kasha na kwasar samari a tasha ana kai su sansani, talabijin kuma na nuna shirin yaƙi na Fi Sahatil Fida. A zaɓen 2000 an ce Bashir ya kayar da Numairi da kashi 86 cikin ɗari, ba a yi wata muhawara da za a tashi da asuba dominta ba. Duk tambayar da ke cin mutum game da gida sai ya sa mata rigar Iraƙi ya fito da ita kasuwa. Shekara 20 bayan muhawarar Bush da Kerry, ranar 27 ga Yuni 2024, Biden da Trump suka yi tasu, bayan kwana biyu mayaƙan Da'amus Sari' suka shiga Sinja, cikin 'yan kwanaki suka iso Dindir, ba kuma wanda ya tsaya tambayar wa ya ci. Mutanen rumfar da suka tsira sun watse Gadarif da Kasala, sun sake haɗuwa a WhatsApp, wannan yana rubuta "bal bas", wato a ci gaba da yaƙi, wancan yana rubuta "la lil harb", wato a daina yaƙi, Ustaz kuma yana turo saƙon murya na minti 14 da ke farawa daga 1821.

A rumfar ta 2004 kuwa, mace ɗaya ce a wurin, kuma ita kaɗai ke riƙe da rubutacciyar hujja: mai shayi da littafinta na bashi. Ba ta shiga gardama. Tana fifita gawayi, tana jefa lubban a wuta, tana lissafin wanda ya sha uku ya ce biyu. Sau ɗaya Mugtaribi ya nemi ta goya masa baya, ya ce: "Hajiya, ke faɗa musu, azzalumi in ba a cire shi da ƙarfi ba zai tafi?" Ta ce ita ɗan 'yar'uwarta da aka kwasa a tashar Sinnar an gaya musu dalilin tafiyarsa har da kiɗa, dawowarsa ce ba wanda ya zo ya yi bayani. Sannan ta buɗe littafi ta karanto masa nasa tun daga watan Rajab.

An yi zaɓe ranar 2 ga Nuwamba, tsakiyar azumi. Washegari da magariba, an shimfiɗa tabarmi a bakin titi, an jera asida da hilu-mur, labari ya iso cewa Kerry ya kira Bush ya sallama. Ustaz ya ɗauki tsinke ya fara zana Ohio a ƙasa, yana bayanin yadda ake cin zaɓe da wakilai 270, da yadda Al Gore ya fi yawan ƙuri'a a 2000 amma ya faɗi. Manomi ya ce wannan ai mu ma mun iya, ba sai an kai mutum makaranta ba. Faki bai ce komai ba, ya shafa tsakanin kafaɗunsa kawai ya dubi jama'a.

A daidai nan Na-Faɗa ya iso, wanda wata guda ba a ji ɗuriyarsa a gardamar ba sai gyaɗa kai ga duk mai magana. Ya tuɓe markub, ya zauna, ya ce ai shi tun ranar Juma'ar farko ya faɗa Bush ne zai ci. Na-Landan ya ce ƙarya ne, a gabansa ya ce Kerry, har suka yi musabaha a kai. Na-Faɗa bai ko ɗaga kai daga akushi ba.

"Wannan ai kai na gaya wa, Malam. Je ka tambayi Alhaji abin da na gaya masa."