Wace ce Laila?

Ranar da uwargida ta tsinci littafin, ina bakin famfo ina alwala. Ta fito tsakar gida riƙe da shi da yatsu biyu kamar ta ɗauko mushen ɓera. Da yake mace ce mai tarbiyya, sai da ta jira na wanke ƙafar hagu, sannan ta ce, "Malam, wace ce Laila?"

Na ce wace Laila kuma?

"Wadda ka rubuta ta uku, ka goge ka mai da ita ta biyu, ka sake gogewa har takarda ta huje. Ni dai a faɗa mini ta ɗayan, in san matsayina."

Littafin mai baƙin bango ne, irin wanda 'yan tireda ke rubuta bashi a ciki, a ƙarƙashin takardun fili kuma nake ɓoye shi. Babu bashi a ciki, babu budurwa. Abin da ke ciki ya fi waɗannan wuyar bayani ga mutumin da ya haura hamsin, mai furfura a gemu, wanda yara ke matsa wa a sahun gaba a masallacin unguwa. Jerin waƙoƙin Turawa ne guda ashirin, na kiɗan rok na shekarun 1960 da 1970, daga ta ɗaya har ta ashirin, rubuce da fensir. Da fensir, domin ban taɓa yin wata guda cur ban taɓa jerin ba.

Na zauna zan wanke kaina, sai na ƙara shafa wa kaina baƙi. Na ce mata "Layla" waƙa ce da Eric Clapton ya fitar a 1970 tare da wata ƙungiya mai suna Derek and the Dominos, sunan kuwa ya ɗauko shi ne daga labarin Laila da Majnun na Nizami, mawaƙin Farisa, labarin da ita ma ta sani a fim ɗin Indiya. Har ta fara sakin fuska. Da na yi shiru a nan da na sha. Amma mai irin ciwona ba ya iya barin bayani rabi da rabi. Sai na ƙara da cewa Clapton ya yi waƙar ne saboda son matar amininsa, George Harrison na Beatles, ya kama shi, daga baya ma ya aure ta. Ta dube ni, ta dubi littafin, ta ce, "Kuma ita ce ta biyu a wurinka. To, Allah ya shirya." Mako guda ana kawo mini abinci da "bismilla, Majnun."

Yayana ne ya sa mini wannan cuta, Allah ya jiƙansa. Yana karatu a Zariya a farkon shekarun 1980, in ya zo hutu sai ya zo da kaset-kaset da ya kwafa daga na wani, shi ma wanin ya kwafa daga faifan wani. Rikoda ɗaya ce a gidan, ta Baba, aikinta kuma Shata da labaran BBC. Sai ya tafi kasuwa muke sace ta. Batir na da tsada, saboda haka ba a mai da kaset baya da inji, biro ake zura wa ramin a yi ta juyawa har hannu ya gaji.

Akwai wani kaset mai minti casa'in, arba'in da biyar kowane gefe, wanda mai kwafarsa bai yi lissafi ba. "Stairway to Heaven" ta Led Zeppelin, wadda ta fito a 1971, ita ce ta ƙarshe a gefen farko. Waƙar minti takwas ce. Tana farawa a hankali da jita da sarewa, ganga ba ta shigowa sai an wuce rabi, sai wajen minti na shida Jimmy Page yake sakin jitarsa. A namu kaset ɗin, daidai inda zai fara, zare ya ƙare. Ƙas! Ni kuwa na ɗauka haka waƙar take. Shekara shida ina shelar cewa babu irinta, hujjata kuma ƙarshenta: wai mutanen nan sun kai ka bakin ƙofa sun bar ka tsaye da marmari, wai gwani shi ne wanda ya san inda zai dasa aya. Na faɗi wannan a gaban mutane, ina kaɗa yatsa. Har da waɗanda suka gyaɗa kai.

Wanda ya tona mini asiri wani likitan dabbobi ne da muka haɗu a wurin wani biki, yana da faifan na asali. Ya saurare ni har na dire, bai ce uffan ba, ya ja ni ɗakinsa ya ɗora allura. Na ji minti biyun da ban san akwai su a duniya ba. Mai kunya da a nan ya ajiye sana'ar. Ni cewa na yi, "Ai ta ma fi yadda nake faɗa," na bar ta a ta ɗaya da sabuwar hujja wadda ta ci karo da tsohuwar baki da hanci. Tun ranar muke abota da Likita, tun ranar kuma ba mu taɓa yarda da juna a kan waƙa ko ɗaya ba.

Mu a Hausa an hutar da mu wannan wahala. Makaɗi da kansa yake ware bakandamiyarsa, ya ce ga ta. Narambaɗa yana da tasa, Shata yana da tasa, wanda duk zai yi musu sai dai ya yi da mai waƙar. Turawan nan ba su yi mana wannan karamcin ba. Wasu sun mutu da wuri, kamar Jimi Hendrix da ya rasu a Landan a 1970 yana da shekara 27, wasu sun tsufa sun ƙi cewa komai, Robert Plant ma da ya rera "Stairway" ya sha nuna cewa ya gaji da ita. Suka bar mini aikin, ni da ba wanda ya aike ni. Da mujallar Rolling Stone ta Amurka ta fitar da jerinta na waƙoƙi 500 a 2004, na duba sama sai ga "Like a Rolling Stone" ta Bob Dylan a ta ɗaya, ta biyu kuma "Satisfaction" ta ƙungiyar Rolling Stones. Na ce wannan ai alƙali da masu ƙara suna ɗaya suke amsawa. A 2021 suka sake lale, suka ɗora "Respect" ta Aretha Franklin a sama. Ban yarda da su ba, amma raina ya yi sanyi, ashe su ma da fensir suke rubutu.

Ina da dokoki, kuma ni nake yin su, yawanci a tsakiyar gardama in na ga za a kai ni ƙasa. Likita ya kafe a kan cewa "All Along the Watchtower" ta Hendrix, ta 1968, ita ce bakandamiyar zamanin gaba ɗaya. Nan take na kafa dokar cewa waƙar aro ba ta shiga gasa, tunda Dylan ne ya rubuta ta ya fara rera ta a 1967. Sai ya tuna mini cewa ita ma tawa an kai ta kotu bisa zargin an ɗauko farkonta daga wani kiɗa mai suna "Taurus" na ƙungiyar Spirit. Da kotun Amurka ta wanke Led Zeppelin a 2016, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar a 2020, na yi ta kiran mutane a waya kamar ɗana aka sallamo. "Band on the Run" tana ta bakwai a littafina, dalili kuwa a Legas Paul McCartney ya ɗauke ta a 1973, inda 'yan fashi suka tare shi da wuƙa suka tafi da kaset ɗin gwajinsa, ina ganin yana bin mu diyya. "Bohemian Rhapsody" ta Queen na ɗaga ta saboda a Zanzibar aka haifi Freddie Mercury, na ce namu ne. Ranar da Likita ya yabe ta na sauke ta mataki huɗu. Da ɗana ya kawo mini Mdou Moctar na Nijar, bahago kamar Hendrix, na ji tsigar jikina ta tashi, amma sai na ɗaure fuska na ce a dawo mini da shi in waƙar ta shekara talatin. Dokar ba ta kai minti ɗaya da haihuwa ba.

Mafi muni ya faru ne a zaman makokin wani dattijo maƙwabcinmu. Muna kan tabarma, an shafa fatiha, Likita ya sunkuyo kamar zai yi mini ta'aziyya, ya raɗa mini cewa ya sake saurara jiya, jitar David Gilmour a "Comfortably Numb" ta fi ta Page nesa ba kusa ba. Jinina ya hau. Ban ji abin da ake faɗa a gaba ba, ashe liman ne yake cewa marigayi mutumin kirki ne wanda bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. A cikin shirun da ya biyo baya aka ji muryata tar: "Wallahi ban yarda ba!" Sai da na bi 'ya'yan mamacin ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri, kuma ban iya gaya wa ko ɗayansu gaskiyar abin da ban yarda da shi ba, domin gaskiyar ta fi abin da suke zato ban haushi.

Duk wannan ba shi ne asirin ba. Asirin yana lamba ta goma sha shida.

"Hotel California" ta Eagles ke nan, wadda faifanta ya fito a ƙarshen 1976, ta kuma ci kyautar Grammy a 1978. A majalisa ina kiranta waƙar 'yan koyo, wadda kowane mai gyaran rediyo ya sani, wadda ake sa wa baƙi a falon otal. Na taɓa cewa duk wanda ya sa ta a goman farko bai cancanci a yi musu da shi ba. To, 'yata ce ta sa mini Spotify a waya, ban kuwa san abin yana ƙirga ba. A watan Disamba ta karɓi wayar za ta duba wani abu, sai ta yi tsit, sannan ta karanta da ƙarfi a gaban kowa, Likita na zaune yana shan shayi: "Abba, waƙar da ka fi ji a bana 'Hotel California', sau 212." Ya ajiye kofi a hankali. Ya tambayi "Stairway" fa? Ta duba, ta duba, ta ce ba ta ma shigo lissafi ba.

Na ce aljihu ne yake dannawa. Na ce yara ne. Na ce waɗannan injuna na Turawa ba a yarda da su. Likita bai ce komai ba, irin shirun da ya yi mini shekara talatin da suka wuce kafin ya ɗora allura.

Ba aljihu ba ne. In na hau hanyar Kaduna zuwa Zariya ni kaɗai, nakan ɗaga gilashi in sa ta. Baitukan ba su dame ni ba, har yau ban gama gane me ake nufi da otal ɗin ba. Minti biyun ƙarshe nake jira, inda Don Felder da Joe Walsh suke jefa wa juna jita kamar masu kalangu biyu a fage ɗaya, wannan ya faɗa wancan ya amsa, har su haɗu su tafi tare. Ita ce ta farko a gefe na biyu na kaset ɗin yayana, ita kuma ta fito cif, zare bai yanke ta ba. Yakan kwanta a tabarma ya ɗora tsintsiya a ciki yana kaɗa ta, idonsa a rufe, ni ina gadin ƙofa kada Baba ya dawo.

Daren da 'yata ta tona ni, na jira kowa ya kwanta, na ɗaga takardun fili na ciro littafin. Na goge goma sha shida. Na daɗe riƙe da fensir, na leƙa saman shafin, na tuna fuskar Likita in ya ji. Na rubuta goma sha biyar.

Daga kan gado uwargida ta ce, cikin muryar barci, "Malam, Lailar ce kuma?"

Na ce, "A'a, kwanta abinki. Maganar wani otal ce."

Sai na ji ta tashi zaune.